Gida A Jos: Lissafin Da Dillali Ba Ya Yi Wa Ɗan Ci-rani

Tun daga lokacin da aka ƙone rumfunan kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021, maganar mallakar gida a Arewa ta daɗa ƙarfi a zangunan Kudu, daga Agege da Idi Araba har Sabon Shagamu da Anacha. Mutumin Jos mai fataucin shanu ko tumatir ko goro yana son ya sami inda iyalinsa za su sa haƙarƙari in wata rana zama ya gagara. Wannan buri ba abin zargi ba ne. Abin zargi shi ne yadda aka bar wannan bawan Allah yana cinikin biri a sama, dillali ya yanka masa kuɗi ta waya, shi kuma ya duba abin da ya tara a adashi, ya ce ai ya isa.

Bai isa ba. Kuɗin da dillali ya faɗa somin taɓi ne. Akwai la'ada, akwai kuɗin lauya da na safiyo, akwai na amincewar hukumar tsara birnin Jos idan za a ƙara ko da ɗaki ɗaya. Uwa uba akwai takarda. Dokar filaye ta 1978 ta ɗanka ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne kawai, galibi na shekara 99, kuma ba ya halatta a sayar ko a jinginar sai da yardar gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. To, gidaje nawa ne a tsofaffin unguwannin Jos ke da takardar shaidar mallaka? Da yawa abin da ke hannun masu su takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. Ta wadatar a tsakanin maƙwabta masu tsoron Allah, amma banki ba ya kallonta, kuma ran da magada suka tashi da rigima, mai saye yana can Ikko yana sauke kaya, sai dai ya ji labari.

Sai kuma abin da Jos ta keɓanta da shi, wanda manya ba su son a ambata. Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba garin gida biyu. Musulmi sun bar unguwannin da suka zauna shekara da shekaru, Kirista ma haka, kowa ya sayar da nasa da arha ko ya bar kango, ya koma cikin 'yan'uwansa. Sakamakon haka jama'a ta cunkushe a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da titin Bauchi, fuloti ya yi wuya, farashi ya hau. Wato talaka ba gida kaɗai yake saye ba, har da kuɗin tsaron da gwamnati ta kasa ba shi yake biya daga aljihunsa. Wanda kuwa kuɗinsa bai kai ba, sai a tura shi bakin rafi. Ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka da dama a Rikkos da Gangare ta nuna ko wane irin arha ne wannan. Mai lissafin gaskiya tilas ya tambayi kansa: in ya so sayar da gidan nan gaba, mutum nawa ne za su yarda su shigo unguwar su taya?

Idan an yi kuka, sai jami'ai su ce ai ga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi rance da ruwan kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekara 30. Madalla. A ɗauki alƙalami. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne. In aka ware sulusinsa don biyan bashi, ya kama wajen Naira 23,000 a wata. A kan wancan ruwan, cikin waɗancan shekarun, wannan kuɗi ba ya ɗaukar rancen da ya kai Naira miliyan 4. A shekarar da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa, wane gida ne miliyan 4 za ta saya a Jos? Ga shi kuma ana neman takardar mallaka da shaidar kuɗin shiga na kowane wata, alhali mahauci da ɗan dako da mai shayi ba su da takardar albashi. Bankunan kasuwa kuwa ba a maganarsu. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Ko a kashi 25 aka ba mutum miliyan 1, ruwan kaɗai ya haura Naira 20,000 a wata, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Wannan ban da nauyin riba da ke hana Musulmi da yawa kusantar ƙofar tun farko.

Saboda haka yawancin 'yan ci-rani da jarinsu suke saye, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba a gani. Ɗan kasuwar da ya zare rabin jarinsa ya binne a bulo da kwano ya rage abin da ke ciyar da shi, alhali yana ci gaba da biyan haya a Kudu. Gida biyu ke nan a wuyan mutum ɗaya. Ya kamata ya auna hayar da gidan zai kawo a shekara da ribar da kuɗin nan ke kawowa a kasuwa, ya ware na gyara, ya ware abincin iyali na watanni, sannan ya je Jos da ƙafarsa cikin damina ya ga inda ruwa ke bi, ya kuma sa lauya ya bincika a ma'aikatar filaye ko sunan mai sayarwa ne a rajista.

Gwamnatin Jihar Filato kuwa ba ta da hujjar naɗe hannu. Ikon ba da takardar mallaka da amincewa da ciniki yana hannun gwamna tun 1978, kuma ba ya bukatar buhun siminti ko ɗaya. A auna tsofaffin unguwannin Jos da Bukuru, a ba masu gidaje takardunsu a kan kuɗi ƙayyadadde da aka manna a bango kowa ya gani, ba tare da an tambayi mutum addininsa ko garin kakansa ba.