A Mayar da Tallan Maganin Maza Zuwa Bayan Ƙarfe Goma

Duk mai sauraron rediyo a Arewa ya san shirin da nake nufi. Mai maganin gargajiya zai sayi fili, ya buɗe da sallama da salati, ya ɗan taɓa basir da sanyi, daga nan sai ya zarce kan ƙarfin maza da kayan mata, yana fayyace sirrin ɗaki da kalmomin da dattijo ba zai iya maimaitawa ba. Duk wannan da rana tsaka, yara sun taso daga boko suna shirin tafiya Islamiyya.

Masu cewa tarbiyya aikin iyaye ne, wanda ba ya so ya kashe akwatinsa, ba su duba inda rediyo yake ba. Yana teburin mai shayi, yana shagon tela, yana cikin motar haya. Na taɓa shiga adaidaita sahu da wata uwa da 'yarta 'yar firamare, irin wannan shirin yana tashi daga lasifikar direba. Uwar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, yarinyar kuwa ta kasa kunne. Kafin in ce, "Malam, don Allah a canja tasha," abin da zai shiga kunne ya riga ya shiga. Wane maɓalli wannan uwar za ta danna?

Ƙasashen da muke zargi da sakin layi ma sun shata iyaka. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa hukumar sadarwar ƙasar ikon tsawata wa tashar da ta sa kalaman batsa da rana, bayan wani uba ya kai ƙorafin abin da ya ji a mota tare da ɗansa. A yau a can irin waɗannan kalamai sai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A Ingila ƙarfe 9 na dare ne iyakar talabijin. Mu da muke tinƙaho da kunya, ya za a yi a fi mu kiyaye kunnen yaro?

Muna da hukumar kula da kafafen watsa labarai, NBC, tun 1992, kuma kundin ƙa'idojinta ya hana batsa. Sai dai kaifinta ya fi fitowa idan aka taɓa gwamnati. Ga shi a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce ba ta da hurumin cin tarar tashoshi da kanta. Aikin Majalisar Tarayya ne ta gyara doka, a san wanda zai hukunta mai laifi, ba tare da an mayar da dokar takunkumin bakin 'yan jarida ba.

Na san tashoshinmu na fama da kuɗin dizal da albashi, kuma masu magani suna biya lakadan. Ban ce a kore su ba, magidanci mai lalura yana da haƙƙin jin inda zai nemi magani. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a daina sa su kai tsaye, a naɗi shirin, edita ya saurara ya tace, sannan a sa shi bayan ƙarfe 10 na dare. Shugabannin tashoshi ba sa buƙatar jiran kotu ko majalisa kafin su yi wannan. Yawancinsu iyaye ne, kuma 'ya'yansu ma suna hawa adaidaita sahu.