A Fiƙe Alƙalamin Turanci Domin Bincike

Sa'ad da Malam Muhammadu al-Katsinawi ya bar ƙasar Hausa, ya sauke farali, ya zauna a Alƙahira har Allah ya karɓi ransa a 1741, da Larabci ya wallafa iliminsa na hisabi da hatimai, domin shi ne harshen da malaman zamaninsa, daga Tambutu har Hijaz, suke munazara da shi. A yau kuwa Turanci ya gaji wannan buzu a fagen kimiyya, har Bajamushe da Bafaranshe da shi suke bayyana sakamakon bincikensu ga duniya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ga ɗalibi ya shekara uku a gonar gwaji, rana tana dukansa, yana auna zangarniyar dawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mujalla ta dawo masa da maƙalarsa saboda raunin nahawu ya binne hujjarsa.

Ina roƙon jami'o'inmu su karantar da rubutun bincike yadda malaman zaure suke karantar da Ajurumiyya, jimla-jimla, malami yana gyara wa almajiri da hannunsa har ya iya.