Wa Aka Tambaya Kafin a Tare Kogin Haɗejiya?

Akwai maganar da muka daɗe muna jin ta a bakin manyan ma'aikata, cewa wai ƙasar gwamnati ƙasar kowa ce. Mu kuwa da muka duba yadda ake tafiyar da fadamun Haɗejiya da dazuzzukanta da burtalolinta, sai muka ga ƙasar ta kowa ce a takarda kurum. Ranar yanke shawara a kanta, manomin Auyo da masuncin Guri da makiyayin Kirikasamma ba su da kujera, ba su da ko tabarma a bakin ƙofa. Wannan shi ne abin da muke ƙorafi a kai, kuma ba za mu sakaya shi ba.

Masarautar Haɗejiya tana bakin hamada. Wanda ya doshi arewa ta Malam Madori zuwa Birniwa zai ga yadda rairayi yake cin gonaki, ruwan sama kuwa 'yan watanni ne ya ɗauke. Abin da ya raya wannan yanki tun kaka da kakanni shi ne ambaliyar kogi. Kogin Kano da Kogin Calawa su haɗu, su gangaro ta Wudil da Ringim, da sun wuce Haɗejiya sai ruwan ya rarrabu cikin Marma da Burum Gana da tsohon kogi, ya malale fadama. Manomi ya shuka shinkafa da zuwan ruwa, masunci ya yi su, in ruwa ya janye a shuka wake a danshin da ya bari, kana Bafulatani ya sauko da shanunsa cin rani. Ƙasa ɗaya, amfani uku ko huɗu a shekara, kuma ruwan nan da ya kwanta shi ne yake nitsewa ya cika rijiyoyin garuruwan da suke nesa da kogi. Ba injiniya ne ya tsara wannan ba. Bulama da sarkin ruwa da arɗo su suka san lokacin kowa da iyakar kowa.

A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, hedkwatarta a Kano. A 1992 aka ƙara da madatsar Calawa kusa da Ƙaraye. Waɗannan madatsu biyu su suke riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da yake shiga Kogin Haɗejiya. Watau makullin rayuwar mutanen fadama ya koma aljihun wani ma'aikaci da yake zaune a ofis mai nisan tafiyar sa'o'i daga gare su, wanda ba su zaɓe shi ba, ba kuma za su iya tsige shi ba. Ambaliyar da takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekarun 1960 ta koma ƙasa da 300 a 1984. Lalle fari yana da nasa kason a wannan shekara, ba mu musa ba, amma fari daga Allah ne, shi kuwa buɗe ƙofar dam da rufe ta da hannun mutum ake yi.

Kada wani ya ce muna gaba da madatsun. Birnin Kano yana shan ruwansu, manoman Kadawa da Kura da suke noman rani talakawa ne irin namu, ba abokan gaba ba. Abin da muke tambaya shi ne, da aka zauna rabon ruwan, wa ya wakilci na ƙasa? A farkon shekarun 1990 masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka auna amfanin da ake samu a fadamar Haɗejiya da Nguru ta hanyar noma da su da itacen wuta, suka gwada shi da na aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Sai suka tarar in an bi ma'aunin ruwan da kowanne yake sha, amfanin fadama ya ninka na ban-ruwa nesa ba kusa ba. Abin da tsofaffin Guri za su faɗa kyauta, da an tambaye su, shi ne sai da Turawa suka zo suka rubuta da Ingilishi kafin a yarda magana ce.

Sai kuma kacala. Da can kogi yakan ƙafe da rani, ƙasa ta bushe, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani, ba a kuma sakin babban ruwan da yake wanke hanya, sai laka ta taru, kacala ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Ruwan da ya rasa hanyarsa ya karkata gefe guda: wasu ƙauyukan gefen Marma gonakinsu suka zama tafki shekara da shekaru, wasu kuwa a gefen Burum Gana suka koma kallon busasshen rafi. Cikin kacalar nan jan-baki yake kwana, da safe ya tashi ya faɗa wa 'yar shinkafar da ta rage. Ga kuma ambaliyar ɓarna, ta 2001 da ta 2020 da ta 2022, wadda ta ci gidaje da amfanin gona a Jihar Jigawa. Mutanen ƙauyukan nan sun sha fita aikin gayya da lauje da adda, ruwa iyakar ƙirji, suna yanke kacala. Mutumin da ya isa a kira shi gyaran ɓarna, ashe bai isa a kira shi shawara ba?

To, ina doka ta tsaya? Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka ɗora ƙasar Arewa a hannun Gwamna, dokar 1962 ta gaji wannan, sannan Dokar Soja mai lamba 6 ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta a matsayin amana, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda taɓa ta sai an sha wuya. Abin mamaki, dokar ta san da zancen shawara. Ta ce a kafa kwamitin rabon ƙasa a jiha, a kuma kafa kwamitin ba da shawara a kowace ƙaramar hukuma. Amma wa yake zaɓen 'yan kwamitin? Gwamna. A kwamitin jiha doka ta wajabta a sa lauya guda da masana harkar filaye aƙalla biyu, ba ta wajabta kujerar manomi ko makiyayi ko masunci ba ko guda. Alhali kuwa ƙaramar hukuma tana da ikon ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Mu tambayi iyayenmu a gida, su faɗa mana sunan mutum ɗaya da yake cikin kwamitin ƙaramar hukumarsu. Inda aka yi shiru da irin wannan kwamiti, a nan burtali yake zama gona, mashaya ta zama lambun wani mai hali, in damina ta janye kuma a ji an zub da jini tsakanin manoma da makiyaya a Guri ko Kirikasamma, a aiko 'yan sanda, a ce wai jahilci ne.

Za a ce mana ai ana taron masu ruwa da tsaki. Gaskiya ne an yi. Tun 1987 aka fara aikin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru, a 2006 kuma aka yi babban taro a Damaturu inda jihohi shida, Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun amana na kogin. Ba mu raina wannan ba. Amma taron da ake yi a otal, da Turanci, a gayyato wanda aka ga dama, a ba shi kuɗin mota ya koma gida, ba shi ne shawara ba. 'Yan amshin Shata aka tara. Za a kuma ce sarakuna suna nan, su ne bakin talakawa. Muna girmama iyayen ƙasa, amma dokar 1978 ba ta bar musu ikon ƙasa a rubuce ba, kuma hakimin da gwamnati take biyan albashinsa akwai iyakar abin da zai iya faɗa mata. Masu cewa talaka bai san ilmin ruwa ba kuwa, sai mu ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ƙetaren Maigatari kaɗan, Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, wadda ta haifar da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda manoma da makiyaya da mata suke da wakilai, su suke shaida iyakar gona da ta burtali. Suna da nasu matsalolin, rashin kuɗi ne kan gaba, amma kujerar makiyayi tana cikin doka. Ko a Amurka, uwar jari-hujja, dokar filayen gwamnati ta 1976 ta kafa majalisar ba da shawara kan hamadar Kalifoniya, ana zamanta a bainar jama'a, kowa yana iya zuwa ya yi magana a rubuta. Shawararsu ba ta ɗaure gwamnati, amma ba a iya cewa ba a ji ba.

Maganar ta fi zafi yanzu saboda dajin Baturiya. A 2008 aka sa shi cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa. Muna son tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai su sami masauki, amma a gefen dajin nan akwai matan da suke yankan kaba suna saƙa tabarma, da masu tsintar goruba, da masu su, da masu kiwo. In aka ja layi daga Abuja ba da saninsu ba, gobe ma'aikacin daji zai kama su a matsayin ɓarayi a ƙasar da aka binne cibiyarsu. Haka zancen yake ga Babbar Katangar Itatuwa da ake dasawa a jihohin bakin hamada: itacen da aka dasa a gonar mutum ba da yardarsa ba, akuyarsa ce za ta fara yi masa hukunci.

Abin da muke nema ba ya buƙatar a taɓa tsarin mulki. Gwamnan Jigawa yana da ikon zaɓen 'yan kwamitin shawara na ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, to ya bar manoma da masunta da makiyaya da mata su fid da nasu wakilan da kansu, shi ya sa hannu kawai. A yi zaman da Hausa, da tafinta ga mai jin Fulatanci ko Barbarci, a ranar kasuwa, ƙofa a buɗe. In hukuma ta ƙi shawararsu, wannan ikonta ne, amma ta rubuta dalili a karanta a rediyo. Ita kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta sanar da jadawalin sakin ruwan Tiga da Calawa kafin faɗuwar damina, bayan ta zauna da wakilan ƙasa da na sama. Mu ɗalibai 'yan wannan yanki, namu aikin shi ne mu fassara sashe na 2 da na 6 na dokar 1978 zuwa Hausa, mu kai wa iyayenmu a hutun nan, kana mu rubuta wa kowace sakatariya takarda muna neman sunayen 'yan kwamitinta da ranar da suka yi zaman ƙarshe. Amsar da muka samu, ko shirun da aka yi mana, za mu buga shi a fitowa ta gaba.