Lambun Gida: Endib Baƙo Ne, Amma Ya Cancanci Gwaji

Akwai wani ganye da Turawa ke kira endib, wanda masana tsirrai suka laƙaba wa suna Cichorium endivia. Ya yi kama da latas, sai dai shi yana da ɗaci. Abin sha'awa shi ne, da shi da latas da shuwakarmu duk dangi ɗaya ne a ilmin tsirrai. Ra'ayina shi ne, ya kamata ɗalibai da malamai a Batsari da Safana su ba wannan baƙo gurbi a lambun gida da na makaranta, ba tare da sun kori 'yan gida ba.

Me ya sa ake batun lambun gida? Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna maƙwabtaka da Dajin Rugu, kuma a shekarun 2019 da 2020 hare-haren 'yan bindiga sun hana manoma da dama zuwa gonakinsu na nesa. Darasin da muka koya shi ne, abincin da ke bayan ɗaki ya fi saurin isa tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da kayan marmari a kullum. Tuwo yana cika ciki, amma ba ya wadatar da jiki da bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi, musamman ga yara.

Endib ganyen sanyi ne. Ya fi jin daɗin yanayin da zafinsa bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba, don haka hunturu ne lokacinsa a wurinmu. A yafa iri a watan Nuwamba, a dasa idan ya yi ganye huɗu ko biyar, a bar tazarar santimita 30 tsakanin tushe da tushe, a sa takin gargajiya wanda ya ruɓe, kada a bari ƙasa ta bushe. Cikin kimanin wata 3 ya isa cira. Idan aka makara har bazara ta shigo, sai ya miƙe ya yi fure, ɗacinsa ya ƙaru.

Turawa sukan tattara ganyen su ɗaure shi mako 2 zuwa 3 kafin cira. Da zarar haske ya daina shiga, sai ganyen ciki ya koma fari-fari, ɗaci ya ragu. Amma fa tare da korensa ake asarar wani kaso na amfaninsa. Mu da muka saba da miyar shuwaka, ina ruwanmu da wannan wahala?

Wani zai ce, ga zogale, ga alayyahu, ga rama da yakuwa, me za a yi da baƙon ganye wanda irinsa ma ke da wuyar samu? Wannan magana tana kan hanya. Ganyayenmu sun fi jure zafi, kuma su ne ginshiƙin lambu. Sai dai alayyahu ba ya saurin girma a tsakiyar sanyi, lokacin da endib da latas ke bunƙasa. Ashe ke nan baƙon cike giɓi zai yi.

Saboda haka, ya ku malamai, ku ware kwami ɗaya. Ɗalibai su ɗaure rabin tsirran, su bar rabi, su riƙa auna tsawo suna rubutawa, sa'an nan su ɗanɗana su kwatanta. A nemi shawarar malaman gona da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Ko endib ya karɓu ko bai karɓu ba, yaro ya koyi yadda ake yin kimiyya da hannunsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.