Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Duk wanda ya zaga ɗakunan kwananmu bayan sallar isha'i zai ga abin da muke kira abincin dare. Wannan ya jiƙa gari da sukari, wancan ya dafa taliyar leda, wani kuwa ya nufi teburin mai shayi. Yayyenmu da suka gama karatu suka kama aikin gwamnati su ma ba su tsira ba, domin da yawansu in sun taso daga ofis, burodi da tsire ne abin dogaronsu har wata ya mutu. Duk da haka, in hira ta yi daɗi, sai ka ji ana yabon wani abinci da aka gani a babban otal ko a hoto, watau gasasshen kifin salmon mai ƙyalli, da farar shinkafa da kayan lambu a gefe. Ana ambatonsa kamar wata shaidar wayewa, wadda sai mai babban albashi zai kai gare ta.

Mu a ganinmu akwai abin koyi a cikin wannan abinci, amma mun ɗora ido a inda bai kamata ba. Mun kalli sunan kifin, mun bar dabarar da ke bayansa.

Bari mu fara da kifin kansa. Salmon kifi ne na ƙasashen sanyi. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, sa'an nan ya komo kogin don ya yi ƙwai. Amma yawancin wanda ake sayarwa a kantuna yau na kiwo ne. A ƙasar Norwe aka fara cin nasarar kiwonsa cikin keji a teku, a tsibirin Hitra, a shekarar 1970, kuma yanzu ƙasar tana fitar da fiye da tan miliyan ɗaya kowace shekara. Jan launin nan da ke burge mu, na daji yana samunsa daga ƙananan halittun ruwa da yake ci, na kiwo kuwa a cikin abincinsa ake zuba masa sinadarin. Ko Japanawa, waɗanda suka shahara da cin ɗanyen kifi, ba su saba cin salmon ɗanye ba, sai da 'yan Norwe suka ɗauki shekaru suna tallata musu shi tun daga 1986. Ashe ke nan har sha'awar baki ma ana iya sayar wa mutum ita.

A can inda ya fito, wannan abinci ba na biki ba ne. Abincin ma'aikaci ne wanda ya dawo gida a gajiye ranar Talata, yana son ya ci abu mai kyau cikin rabin awa. Ya ɗora shinkafa tukuna, domin ita ta fi daɗewa. Kafin ta nuna ya kwaɓa zuma da tafarnuwa da citta da ɗan abu mai tsami da gishiri. Ya ɗora kifi a kan wuta, yankan da kaurinsa ya kai inci ɗaya ba ya wuce kamar minti 10. Kwaɓin nan kuwa sai kifi ya kusa nuna ake shafa shi, domin zuma da sukari suna saurin ƙonewa, in aka shafa da wuri sai waje ya yi baƙi ya yi ɗaci alhali ciki bai nuna ba. Kayan lambu kuma minti biyar ya ishe su. Iyakar asirin ke nan.

To, a cikin wannan duka, mene ne babu a kasuwarmu? Muna da zuma, muna da citta da tafarnuwa da yaji. Muna da tsamiya da lemun tsami. Karas da kabeji da albasa da alayyafo suna nan jibge a lokacin rani daga fadamu. Gashi kuwa ba wanda zai koya mana, tun da a ƙasar masu tsire da balangu muka tashi. Kifi ma muna da tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin tarwaɗarmu ta Afirka. A wanke ta da ruwan zafi ko lemun tsami don yauƙin ya fita, a tsaga jikinta, a ɗora a kan waya bisa garwashin da ya daina hayaƙi. Tana da maiƙo, saboda haka ba ta bushewa a wuta.

Ba za mu ɓoye gaskiya ba, salmon ya fi karfasa irin man nan da likitoci ke cewa yana taimakon zuciya. Amma kifin ƙanƙarar da ake kira taitus yana da wannan mai da yawa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na salmon ba. Shi ma daga waje ake kawo shi, don haka kada a ɗauka ƙin baƙon abu ne ya sa mu magana. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya raina abin da ƙarfinsa ya kai, ya zauna da yunwa yana jiran abin da bai kai ba.

Mun san za a ce ba lokaci, ba kuɗi. Lokacin da muke ɓatawa a layin mai shayi ya isa dafa shinkafa. In ɗalibai huɗu suka haɗa abin da kowannensu zai kashe a waje, suka sayi kifi ɗaya babba da gawayi, ba wanda zai kwana da yunwa. Inda hukuma ta hana wuta a ɗaki, haƙƙin ƙungiyarmu ne ta nemi a keɓe mana wurin girki mai tsabta. Akwai kuma wata hujja da ba a faɗa a fili, ita ce wai girki aikin mata ne, namiji mai digiri ba ya hura wuta. Abin mamaki, mai tsiren da muke layi a gabansa namiji ne, mai shayin ma haka. Me ya sa abin da ba kunya ba ne a bakin titi ya zama kunya a ɗakinmu?

Mu tuna cewa maganar abinci ba ƙarama ba ce a tarihin ɗaliban ƙasar nan. A 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini yana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta, a Legas da Zariya. A 1984 gwamnati ta janye tallafin ciyarwa a jami'o'i. Tun daga lokacin cikin ɗalibi ya koma wuyansa, amma har yau ba mu ɗauki koyon girki da muhimmanci ba. Muna iya zana taswirar tattalin arzikin ƙasa a takardar jarrabawa, ba mu iya tsara abincin mako ɗaya ba.

Bayan haka, kuɗin da muke kashewa yana da inda yake zuwa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu ƙwarai tun daga farin shekarun 1970 da 1980, kuma rashin tsaro ya ƙara wa masuntan Baga wahala. Su da na Yawuri da Haɗeja da Nguru, da matasan da ke kiwon tarwaɗa a bayan gida, suna bukatar masu saye. Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake tsara harkar noma da su. Wanda bai taɓa taya kifi a kasuwa ba, da wuya ya san abin da ke damun mai kama shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, maza da mata, kowa ya ware dare biyu a mako ya dafa abincinsa da hannunsa. Wanda Allah Ya hore masa ya sayi salmon, ba mu hana shi ba. Sauranmu mu nufi kasuwa da yamma, mu taya tarwaɗa, mu hura gawayi, mu kira maƙwabci ya zo a ci tare. Allah Ya sa mu gane.