Su wane ne “marasa aiki” a jihar Maraɗi?

In ma'aikatan ƙidaya suka zaga garuruwa, sukan kasa baligai kashi uku: masu aiki, masu neman aiki, da waɗanda ba su aiki kuma ba su nema. Wannan kashi na uku ne abin maganarmu yau, domin wasu ma'aikata na cewa lalaci ne ya cika shi. Mu kuwa ba mu yarda ba.

A dubi gundumomin Agye da Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011, da Gidan Rumji. Mafi yawan mutanen wannan kashi mata ne. Mace ta tashi tun asuba, ta yi sussuka, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta nemo itace da goyo a baya, amma takarda ta ce ba ta aiki, don ba a biya ta ko dala ba.

Akwai kuma matan da aka raba da noma. A da, kowace matar aure tana da gamanarta, inda take shuka gero ko wake ko gujiya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, gona kuwa ba ta haihuwa. Da gandu ya tsuke, sai wasu magidanta suka karɓe gamana, suka ce mace ta zauna gida ta huta. Shi ne ake kira kullen gona. Wannan matar ba ƙin aiki ta yi ba, an hana ta wurin yin sa. Ga shi kuwa addini ya ba ta rabonta na gado, dokar karkara ta 1993 ma ba ta ware ta ba.

Saurayin da ya gaji ɗan yankin gona, da an gama girbi sai ya shiga rani ba sana'a. Ci rani ne ke rufa masa asiri, amma Najeriya ta rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023. A Gidan Rumji ga ɓarayin daji: tun 2019 ƴan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Manomin da aka kore wa shanun huɗa, da me zai yi aiki?

Ƴan makaranta da tsofaffi da marasa lafiya, dalilinsu a fili yake. Masu wuni a fada wajen shayi ma akwai su, ba mu ce babu ba, amma a tambaye su ko an taɓa kiran su aiki suka ƙi. Mutanen Ɗan Saga, a ƙasar Agye, da aka tallafa musu wajen sassaben zamani, sun raya itatuwa a gonakinsu har suna sayar da itace.

Saboda haka muna roƙon shugabannin gundumomi da magadan gari da sarakuna su sa hukumomin filaye su rubuta wa mata takardun gonakin gadonsu, a kuma gina rijiyoyin noman rani a Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi, a ba ƙungiyoyin mata da samari fili a can.