Hangen Gobir ta tagar jirgi ba zuwa Sabon Birni ba ne

Duk wanda zai tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato zuwa Abuja, in dai an ba shi zaɓi, ya nemi kujerar taga ta ɓangaren hagu. Ita ce mai harafin A a jikin takardar shiga jirgi. Tafiyar ba ta wuce kimanin awa ɗaya ba, amma mai wannan kujera zai sauka da abin da makwabcinsa na tsakiya bai samu ba.

Dalilin a fili yake. Jirgin Abuja kudu maso gabas yake fuskanta, saboda haka tagar hagu gabas take kallo. Sai dai a guji layukan tsakiyar jirgi, domin fiffike ne zai tare rabin abin kallon. Jirgin yamma ya fi na safe daɗin kallo ta wannan ɓangare, tunda da hantsi rana na dukan tagar kai tsaye. Lokaci ma yana da nasa hukunci: hazon hunturu na Disamba zuwa Fabrairu yakan rufe ƙasa ruf, har ya hana jirage tashi, damina kuma gajimare ne. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, sama ta fi washewa.

Idan an yi dace, da farko shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Sakkwato ce da fadamunta. Can gaba, gwargwadon hanyar da matuƙi ya bi, ana iya hango ƙyallin ruwan madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara. Daga nan ƙasa ta fara tashi, duwatsun Zamfara su bayyana ɗaya bayan ɗaya, ƙasar da Dutsen Kwatarkwashi yake. Sai duwatsun Jihar Neja, sannan gab da sauka Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100. Shi kam ɓangaren da zai fito ya danganta da inda jirgin ya juyo zai sauka.

Wannan shawara ce ga kowane matafiyi. Amma akwai waɗanda ta fi zama wajibi a kansu, kuma ba don duwatsu ba.

Abin da ke bayan tagar hagu

A mintocin farko bayan tashi, tagar hagu tana fuskantar gabashin Sakkwato: Wurno, Rabah, Goronyo, can ƙurya kuma Isa da Sabon Birni. A miƙe, tsakanin birnin Sakkwato da Sabon Birni bai kai kilomita 150 ba. Jirgin da ya kai tsayin kilomita 9 kuwa, idan sama ta washe, iyakar ganinsa ta haura kilomita 300. Ke nan ƙasar Gobir tana cikin abin da tagar ta ɗauko, ko da ido bai iya rarrabe gari da gari ba.

Su wa ke cika kujerun jirgin Sakkwato zuwa Abuja? Akwai 'yan kasuwa da ɗalibai da marasa lafiya, amma kowa ya san kaso mai yawa 'yan majalisa ne, da kwamishinoni, da manyan ma'aikata, da jami'an tsaro, da 'yan kwangila. Waɗannan su ne masu yanke hukunci a kan ƙasar da ke bayan tagar. Da yawa cikinsu, waɗannan 'yan mintoci su ne kaɗai lokacin da fuskarsu ke kallon Gobir a duk wata.

Ƙasar kuwa ba ƙaramar ƙasa ba ce. A cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo, wanda masu jihadi suka ci a 1808. Bayan faɗuwarsa Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe ya kafa Sabon Birni. Har gobe dangi ɗaya ne a ɓangarorin iyakar biyu. A nan kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi suke zuba ruwansu a Rima, ruwan da madatsar Goronyo ke tarewa, wanda birnin Sakkwato ke sha. Fadamun yankin na ba da albasa da shinkafa da tattasai, tudu kuma gero da dawa da wake.

Daga sama, duk wannan kore ne da ruwan ƙasa, lafiya lau. A nan tagar take yaudarar mai kallo. Daga tsayin kilomita 9, gonar da aka nome da wadda aka gudu aka bari duk launi ɗaya ne. Ƙauyen da ke cike da mutane da wanda ya zama kufai ba su da bambanci. Daji kuma sai ya zama abin sha'awa, alhali mutanen ƙasa sun san me ke kwance a cikinsa.

Masu zaɓen kujera a tasha

A tashar motar Sabon Birni ko ta Isa ma ana zaɓen kujera, sai dai lissafin daban ne. Fasinja kan tambayi direban da ya iso yanzu ko hanya lafiya. Yakan so fita da hantsi, ya ƙi tafiyar yamma. A kan hanya idonsa na kan motocin da ke tahowa daga gaba, domin idan aka ɗauki lokaci ba a yi kiciɓis da ko ɗaya ba, kowa a motar ya san ma'anar shirun. Mai zama kusa da taga a wannan mota bakin daji yake duba.

Tsoron yana da tushe. A watan Disambar 2021, 'yan bindiga suka tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni kusa da ƙauyen Gidan Bawa, suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Hukumomi sun ce mutum 23 suka rasu. A ƙarshen Yulin 2024, aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana dawowa daga Sakkwato. Duniya ta ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi. A watan Agusta labarin rasuwarsa a hannunsu ya fito, aka yi masa salatul ga'ib ba tare da gawa ba. Idan hanya ta ci basarake mai rawani, me ya rage wa mai ɗauke da buhun albasa zuwa kasuwa?

Hanyar Marnona zuwa Isa da ta ratsa dajin Gundumi ta daɗe da zama abin gudu. Ta Isa zuwa Shinkafi ta bi ta yankin da sunan Bello Turji ya zama abin tsoratar da manya da yara. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka wajen 'yan'uwansu. Waɗanda suka zauna, ƙauyuka da dama haraji suke biyan 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Isa da Sabon Birni, mutane suka wayi gari ba su da ko hanyar kiran agaji.

Laifin ba na jirgi ba ne

Wani zai ce, to me ye laifin mai hawa jirgi? Babu. Tafiyar da mota za ta kwashe yini guda tana yi, jirgi ya gama ta cikin awa ɗaya, kuma ba wanda addini ko hankali ya umarta da ya kai kansa ga halaka. Akwai ma hujja mai ƙarfi a kan ziyarar manya ta mota: duk ayarin babban mutum sai an kwaso masa sojoji da 'yan sanda daga wani wuri, ya wuce da jiniya, a bar hanya yadda take.

Matsalar ita ce abin da jirgi ya cire wa masu mulki. A da, gwamna da talaka kwalta ɗaya suke bi. Ramin da ya fasa tayar direban tasha shi zai girgiza motar kwamishina. Jiki magayi ne. Yau mai iko yana tashi daga Sakkwato ya sauka Abuja bai taka ko taku ɗaya na hanyar da talakawansa ke mutuwa a kai ba. Abin da jiki bai ji ba, da wuya ya hana ido barci.

Kuma tserewa ta sama ba ta da tabbas. Lokacin da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta lalace, manya suka koma jirgin ƙasa da na sama. Ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari gefen filin jirgin saman Kaduna, suka kashe ma'aikaci guda. Bayan kwana biyu suka tare jirgin ƙasan kansa, suka kashe wasu suka kwashe wasu, aka dakatar da zirga-zirgarsa har zuwa Disambar shekarar. Wutar da aka bari tana ci a daji ba ta tsaya a daji ba.

Abin da ya kamata mai kujerar taga ya sauko da shi

Ba a rasa masu alhaki ba. Runduna ta 8 ta sojojin ƙasa a Sakkwato hedikwatarta take. Gwamnatin jihar ta kafa rundunar tsaron al'umma. Yankin yana da sanatan Sakkwato ta Gabas, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Isa da Sabon Birni, da 'yan majalisar jiha, da shugabannin ƙananan hukumomi. Abin da aka rasa shi ne ma'aunin da talaka zai iya auna aikinsu da shi.

Hanya ita ce ma'aunin da ya fi sauƙi. Sanarwar cewa an kashe 'yan bindiga kaza ba wanda zai iya tantance ta daga ƙauye. Amma kowa zai iya sanin ko motar haya ta tashi daga Isa bayan la'asar ta isa Sakkwato ba rakiya. Saboda haka a sa wuraren da kowa ya sani, irin Kwanar Maharba da dajin Gundumi, a ƙarƙashin tsaro na dindindin maimakon sintirin da ke zuwa bayan an gama ɓarna. A gyara kwaltar, domin rami ne ke tilasta wa direba rage gudu a daidai inda ake jiransa. A tabbatar da layin waya yana aiki a tsawon hanyar. Sannan wakilan yankin su riƙa bayyana wa jama'a, wata-wata, kwana nawa hanyar ta yi ba a tare ta ba, su kuma faɗi hakan a Isa da Sabon Birni, a gaban direbobi da 'yan kasuwa.

Kafin a kai ga haka, su ci gaba da neman kujerar hagu, su ɗaga labulen taga, su ajiye waya na minti goma. Duwatsun Zamfara da Zuma suna gaba, ba inda za su. Kallon farko na Gobir ne. Amma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kan irin wannan kallo, da ya ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ranar da direban Sabon Birni ya daina tambayar ko hanya lafiya kafin ya tayar da mota, ranar ce mai kujerar taga zai cancanci ya ce ya ga Gobir.